Niyasinamid da fuskar namiji: tambayoyin mazan Maraɗi kan haɗa shi da sauran mayuka

Ƙananan kwalabe masu ɗauke da rubutun Niacinamide sun yawaita a farmasi da kantunan kayan shafa na Maraɗi. Wasu daga Kano suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Issa, wasu daga Yamai. A da mata ne ke neman su. Yanzu samari da magidanta ma suna saye, kuma galibi abu biyu ke kai su: ƙurajen aski, da baƙin tabon da ƙurajen ke bari a haɓa da wuya. Sai dai da wuya mutum ya tsaya kan kwalba ɗaya. Ga sabulun da aboki ya yaba, ga man da mai aski ya ce a gwada, ga wanda aka gani a TikTok. A kan wannan haɗe-haɗe yawancin tambayoyin nan suke.

Mene ne niyasinamid, me kuma yake yi wa fata?

Wani nau'i ne na bitamin B3, ana kuma ce masa nikotinamid. Cikin ruwa yake narkewa, shi ya sa aka fi sayar da shi a matsayin serom, wato ruwa mai ɗan yauƙi wanda ba shi da maiƙo. Yana taimaka wa fata ta samar da kitsen da ake kira seramid, wanda ke cike tsakanin ƙwayoyin saman fata don kada danshi ya tsere. Yana rage maiƙon fuska, yana kwantar da kumburin ƙuraje, yana kuma rage launin da ke taruwa a wurin da fata ta ji rauni. A wani gwaji da aka buga a 1995, man da ke da kashi 4 cikin 100 na nikotinamid ya yi aiki kusan daidai da maganin klindamisin mai kashi 1 wajen rage ƙurajen fuska cikin mako 8. Abin da ya fi ba shi daraja a wurina shi ne sauƙin halinsa: kusan duk sinadarin da ake shafawa a fuska yana iya zama da shi lafiya.

Malam, faɗa mini gaskiya, ba man bilicin ba ne?

Ba shi ba ne. Mayukan bilicin irin su haidrokinon suna danne ƙwayoyin da ke ƙera launin fata ne. Niyasinamid bai hana ƙera launin ba, rage miƙa shi ga ƙwayoyin saman fata kawai yake yi, kuma a hankali. Don haka tabo yakan dusashe ya koma kusa da launinka na asali, amma ba za ka fi yadda Allah ya halicce ka haske ba. Wanda ya saya da niyyar ya yi fari ya yi asarar kuɗinsa, kuma gara asarar kuɗi da asarar fata.

Inda ake samun ruɗani shi ne kwalaben da aka rubuta niyasinamid da manyan baƙaƙe a gaba, a ƙasa kuma aka yi alkawarin haske cikin kwana bakwai. Niyasinamid ba ya iya wannan. Idan fuska ta yi haske cikin mako guda, akwai wani abu a cikin kwalbar da ba a faɗa ba, kuma galibi ɗaya ne cikin uku: maganin kortizon mai ƙarfi irin klobetazol, ko haidrokinon, ko merkuri. Kortizon yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa da sababbin ƙuraje. Haidrokinon idan aka daɗe ana shafa shi ba tare da kulawar likita ba yana iya barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ke da wuyar fita. Merkuri kuwa ƙoda da jijiyoyi yake taɓawa. Saboda irin wannan illa ce ƙasar Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015.

Na daɗe ina shafa haɗin da ake dama mini a kasuwa. In ɗora niyasinamid a kai?

Ɗan'uwa, wannan haɗin shi ne abin da ya kamata a fara dubawa. Man da aka dama a roba ba tare da jerin abin da ke ciki ba, babu mai iya ce maka yana tafiya da kaza ko ba ya tafiya, domin babu wanda ya san abin da ke cikinsa. Niyasinamid ba zai kare ka daga kortizon ba. Kuma idan ka yi watanni kana shafawa, kada ka yanke dare ɗaya kai kaɗai, don fuskar da ta saba da kortizon takan yi ja, ta yi raɗaɗi, ƙuraje su feso idan aka daina kwatsam, sai mutum ya tsorata ya koma wa haɗin. Ɗauki robar ka kai wa likita ya gani, ya tsara maka yadda za ka rabu da ita.

Kashi nawa ya dace? Na ga mai 5, na ga mai 10, har mai 20.

Yawancin gwaje-gwajen da suka nuna amfaninsa da kashi 2 zuwa 5 cikin 100 aka yi su. Mai kashi 10 ya yi suna a kasuwa, mutane da yawa kuma suna jure shi, amma shi ne ya fi kawo ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje ga mai fata mai saurin tashi. Kamar gishiri ne a miya, in ya kai ya kai. Ka kuma duba bayan sauran kayanka: sabulun fuska, man laushi da man kariyar rana da yawa suna da niyasinamid a ciki tun asali, ta yiwu ma ba ka buƙatar serom daban.

Ranar da na yi aski, me zan shafa, me zan bari?

Nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa, don haka bari mu tsaya a kai. Gashin gemunmu a nannaɗe yake. Idan reza ta yanke shi ƙasa-ƙasa, bakinsa yakan yi tsini, in ya fara tsiro sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko ma ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ciki. Jiki sai ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu, wurin ya kumbura, wani lokaci har da ruwa. In ƙurjin ya warke sai ya bar tabo, kafin tabon ya dusashe kuma an sake yin aski. Duba ƙasan haɓar mai yawan aski da reza da kyau: za ka ga ƙuraje sababbi a kan tabon tsofaffi, a tsakiyar wasu har kana hango gashin a naɗe ƙarƙashin fata.

Babu serom ɗin da zai ci nasara matuƙar ana ƙirƙiro sabon tabo kowane mako. Gyaran aski shi ne farko. A yi amfani da injin aski a bar gashin kamar milimita 1 maimakon a kankare da reza ko aska. A bi inda gashi ya kwanta, kada a yi gaba da shi. Kada a ja fata a miƙe ta lokacin aski. Wanda ƙurajen suka yi masa yawa, ya bar gemun kamar wata guda ba aski. Sau da yawa wannan kaɗai yana kwantar da su.

Bayan aski, a wanke da ruwa mai sanyi, a tsane da tawul mai tsabta ba tare da gurzawa ba. Idan babu yanka, ana iya shafa niyasinamid nan take, a bi da man laushi. Abin da za a jinkirta sai washegari: asid salisilik, asid glikolik, retinol (wani nau'in bitamin A da ake shafawa), benzoyil feroksid (maganin ƙurajen fuska), da bitamin C mai tsami. Reza ta riga ta kankare saman fata, ɗora asid a kai ƙuna ce, ƙuna kuma a baƙar fata tabo take zama.

Alkol ɗin da masu aski ke fesawa, wanda wasu ke ce wa sifirit, ya fi amfani a jikin inji da a fuska, don yana busar da fata yana ƙara mata raɗaɗi. Kuma a tabbata rezar sabuwa ce an buɗe ta a gabanka, ko ka je da injinka, domin ciwon hanta nau'in B yana iya bin jinin da ya maƙale a kayan aski. Masu amfani da hodar cire gashi kuwa, ita sinadari ce mai ƙarfi da ke narkar da gashi. Ranar da aka yi ta, man laushi mara ƙamshi kawai ya isa.

An ce niyasinamid da bitamin C ba sa haɗuwa. Haka ne?

Wannan magana daga tsofaffin gwaje-gwaje na wajajen shekarun 1960 ta samo asali, inda aka cakuɗa sinadaran biyu aka bar su cikin zafi na tsawon lokaci. A irin wannan yanayi niyasinamid na iya rikiɗa ya zama niyasin, wanda ke sa fuska ta yi ɗumi ta yi ja na ɗan lokaci. Mintunan da suke yi tare a fuskarka ba su kai ga haka ba, kuma akwai mayuka da yawa da ke ɗauke da su biyun a kwalba ɗaya. In za ka shafa su tare, fara da bitamin C, ka ba shi ƴan mintuna ya bushe, sannan niyasinamid. In fatarka mai saurin tashi ce, bitamin C da safe, niyasinamid da dare. Abin da ya fi damun bitamin C a Maraɗi zafi ne: in ruwan ya rine ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya lalace.

Asid salisilik da asid glikolik fa?

Duka suna tafiya da niyasinamid. Salisilik, mai kashi 0.5 zuwa 2, yana narkewa cikin maiƙo, shi ya sa yake shiga ramin gashi ya buɗe shi, kuma ya fi dacewa da mai fuska mai maiƙo da ƙurajen aski. Glikolik saman fata yake saɓewa, kuma yana sa fata ta ƙara jin rana. Zaɓi ɗaya, dare biyu ko uku a mako, ba a ranar aski ba. Asid da farko, niyasinamid a bayansa. Kada a haɗa asid da retinol a dare ɗaya.

Ina shafa retinol. Zan iya haɗawa?

Wannan yana cikin haɗin da ya fi kyau. Retinol da ƴan'uwansa adapalen da tretinoyin suna aiki sosai kan ƙuraje da tabo, amma makonnin farko sukan busar da fata, ta yi ta ɓarewa a gefen hanci da baki. Niyasinamid yana rage wannan wahala. Da dare kawai ake shafa su, a kan busasshiyar fata, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska gaba ɗaya. Fara da dare biyu a mako. Niyasinamid, sai retinol, sai man laushi. Kada a fara retinol a tsakiyar hunturu, lokacin da fata ke fama da bushewa da kanta. Magidanci ya kuma kula: mai juna biyu ba ta shafa waɗannan mayuka, don haka kada kwalbar ta zama ta gida duka.

Benzoyil feroksid?

Ana iya haɗa shi da niyasinamid, ya fi kyau a raba musu lokaci. Mai kashi 2.5 yana aiki kusan kamar mai kashi 10, kuma bai kai shi ƙona fata ba. Yana cinye launin tufafi: a wuyan shuɗiyar shadda zai bar maka wani jirwaye mai ruwan lemo wanda wanki ba ya fitarwa, haka ma tawul da rigar matashi. A bar shi ya bushe sarai, a wanke hannu kafin a taɓa kaya. Yana lalata tretinoyin in aka shafa su lokaci guda, amma adapalen yana jure shi.

Muna alwala sau biyar. Ba wanke man muke yi ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba za ka ga amsarta a jikin kwalba ba. Serom na niyasinamid yana shiga fata cikin ƴan mintuna. In ka shafa bayan sallar asuba, kafin azahar ya samu sa'o'i masu yawa. In ka shafa bayan isha'i, yana da dare sukutum. Waɗannan lokuta biyu sun wadatar. Wanda alwala ke wankewa da gaske shi ne man kariyar rana, don haka mai komawa cikin rana bayan azahar ya sake shafawa. Sabulu sau biyu a yini ya isa, sauran wankin ruwa ne zalla. Game da mai mai kauri da ake tsoron zai hana ruwa taɓa fata, wannan hukuncinsa a wurin malamai yake, a tambaye su.

Tsarin hunturu da na bazara ɗaya ne?

A'a. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kaɗawa da ƙura har leɓe na tsagewa, fata tana rasa danshi da sauri. A wannan lokaci a shafa serom a kan fata mai ɗan laima, a rufe da mai mai ɗan nauyi. Masu serom na asid hiyaluronik su kula da wannan musamman, don shi ruwa yake jawowa, in ba a rufe shi ba cikin busasshiyar iska fuska takan ƙara ɗamewa. Man kaɗe da basilin suna tafiya da niyasinamid, amma su ne na ƙarshe; in aka fara da su, serom ba zai samu hanyar shiga ba. Mai yawan ƙuraje ya taƙaita su ga wuraren da suka bushe. A rage asid da retinol.

A Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, gumi da maiƙo ne matsala. Serom da man kariyar rana mara nauyi sun isa da safe.

Sabulun salo da lemun tsami fa? Su muka sani tun muna yara.

Sabulun salo yana wanke maiƙo sosai, amma da toka ake yin sa, ita kuwa fata ɗan tsami-tsami take so. Kullum a fuska, tare da asid ko retinol, yakan yi yawa. Wanda fuskarsa ke ɗamewa bayan wanka ya bar shi ga jiki ya nemi mai wanke fuska mai laushi. Lemun tsami kuwa ina roƙo a daina shafa shi a tabo. Yana ɗauke da sinadaran da in rana ta doke su a kan fata suke ƙona ta, su bar tabon da ya fi na farko duhu.

Baƙin mutum yana buƙatar man kariyar rana?

Idan tabo yake son ya rabu da shi, ƙwarai. Launinmu yana ba da kariya daga ƙunar rana, amma ita ranar ce ke ƙara wa tabo duhu. Ɗan kabu-kabu da ke yini a kan titi daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa, ya shafa niyasinamid da dare, rana ta maido masa da tabon da rana, zai yi watanni bai ga bambanci ba ya ce man ne ba shi da kyau. A nemi mai lamba SPF 30 ko sama, shi ne abu na ƙarshe da safe. Wasu sukan bar farin toka a fuska da cikin gemu. Masu ɗan launi ko masu ruwa-ruwa sun fi dacewa da mu. Malafa, hula mai baki da rawani su ma kariya ce ta gaske.

Ina shafa minoksidil don gemu ya cika. Akwai matsala?

Don gashin kai aka amince da shi, amfani da shi a gemu ba ya cikin abin da aka rubuta masa. Ruwansa yakan ƙunshi alkol da wani sinadari da ke busar da fata ya sa ƙaiƙayi. Niyasinamid da man laushi suna iya sassauta wannan, a shafa su bayan minoksidil ya bushe sarai. Kada a shafa shi a fatar da aka aske yanzu ko mai rauni. Wanda ya ji bugun zuciya ko jiri ya daina ya ga likita.

In na ci gyaɗa ko na sha ƙwayar bitamin B3, ba ɗaya ba ne?

Gyaɗa, wadda Maraɗi ta yi suna da ita tun zamanin Turawa, tana cikin abincin da ke da B3 da yawa, haka nama da kifi. Ƙarancinsa mai tsanani yana kawo cutar felagira, mai sa fata ta yi duhu ta yi kaushi a wuraren da rana ke bugu, tare da gudawa da rikicewar tunani. Amma ƙuli-ƙuli da kilishi ba za su kai sinadarin kan tabon haɓarka da yawan da shafawa ke kaiwa ba. Ƙwayoyi masu ƙarfi kuwa suna iya taɓa hanta, ba a shan su don gyaran fuska sai da umarnin likita.

Me ya sa serom ke murmushewa a fuskata?

In ka ga wasu farare-farare suna birgima ƙarƙashin yatsa suna maƙalewa a tsiron gemu, ko dai ka zuba da yawa, ko ka ɗora wani mai kafin na farko ya bushe. Ɗigo biyu ko uku sun isa. Danna da tafin hannu maimakon murzawa, ka jira minti ɗaya ko biyu.

Ta yaya zan fara, yaushe kuma zan ga canji?

Gwada a bayan kunne ko gefen wuya na kwana uku. In ba ƙaiƙayi ba kumburi, koma fuska sau ɗaya a yini. Kada ka shigo da sabon abu na biyu sai bayan mako biyu, don in fata ta tashi ka san mai laifi. Maiƙo yakan fara raguwa cikin mako 2 zuwa 4. Tabo sai mako 8 zuwa 12, tsohon tabo ma ya fi haka. Ɗauki hoton fuskarka a wuri ɗaya da haske ɗaya kowane wata, don idon da ke kallon madubi kullum ba ya ganin canjin da ke zuwa a hankali. Kwalbar kuma a ajiye ta a inuwa, nesa da taga da cikin mota. A bazara, kusa da randa ko cikin firiji.

Wane lokaci ne zan bar gwaje-gwaje in tafi asibiti?

In ƙurajen suna ruwa ko suna zafi har cikin tsoka. In tabon tudu yake yi yana girma maimakon ya kwanta. In ƙananan ƙuraje masu tauri sun jeru a ƙeya inda ake yin layin aski, domin wannan wata cuta ce daban da ke iya haɗewa ta zama babban tabo gashi ya daina fita a wurin, kuma da wuri ake tarar ta. In abin da ke fuskarka ko ƙirjinka kyasbi ne ko makero, waɗannan maganin naman gwari suke buƙata, niyasinamid ba ya yi musu komai. In fuska ko leɓe sun kumbura bayan shafa wani abu, a wanke da ruwa, a ɗauki kwalbar a tafi da ita. In numfashi ya yi wuya kuwa, a garzaya asibiti mafi kusa nan take.